Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Waiwaye Kan Gidajen Shagari Da Ke Bayan Garinmu

Duk ɗan garin nan da ya taso daga Kano ko Kaduna ko Abuja domin yin Sallah a gida, kafin ya iso tasha sai ya wuce waɗansu gidaje jere reras a can gefen hanya, fasali ɗaya, tsawo ɗaya. Wasu an kewaye su da katanga an ƙara musu ɗakuna har ba a gane asalinsu, wasu kuwa kwanon rufinsu ya daɗe da bin iska. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni sun ji ana ce wa wurin Shagari Kwatas, amma da wuya a sami wanda ya san yadda aka yi gidajen suka je can, ko dalilin da ya sa suka yi shekara da shekaru babu mai kwana a cikinsu sai jemagu da awaki.

A babban taronmu na bara, wasu daga cikin 'yan uwa sun kawo shawarar ƙungiya ta tura wakilai su roƙi gwamnati ta gina mana rukunin gidaje, tunda ana ta jin labarin aza harsashin irinsu a wasu jihohi. Shawara ce mai kyau, na kuma goyi bayanta. Sai dai na nemi a ba ni fili a wannan mujalla in ba da tarihin na farkon, domin a gabana aka haƙa harsashinsu, ina sabon malami ban daɗe da fitowa daga Kwalejin Horon Malamai ba. Ƙarancin kuɗi ya cuci aikin, haka ma cin amanar 'yan kwangila. Amma babbar cutar da na gani da idona ita ce an ɗauki gida ɗaya an raba shi tsakanin gwamnatoci uku, kuɗi a hannun wannan, fili a hannun waccan, hanya da magudanar ruwa a wuyan ta ukun, kuma ba a taɓa zaunar da su ukun a tabarma ɗaya ba.

Bari in fara daga abin da muka taso muka tarar. A zamanin En'e, idan saurayi ya isa aure, ko gida ya yi wa iyali kaɗan, ba a rubuta wa kowa takarda. Mahaifinsa ne zai ɗauki goro ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, a nuna masa kango ko wani fili a gefen unguwa, a kafa shaidu. Da an gama girbi sai a kira gayya. A haƙo ƙasa a kududdufi, a kwaɓa, a murza tubali a shanya, magini ya ɗora, a jera azara, mata su zo su yi daɓe da waƙe-waƙensu. Haka aka gina gidan da aka haife ni, kuma yana nan tsaye. A dokance, tun Dokar Filaye ta 1910 da Turawa suka kafa, da wadda ta gaje ta a 1962, ƙasar Arewa duka amana ce a hannun gwamnati, amma a aikace En'e ce ke kula da filayen talakawa. Ba ina cewa zamanin babu zalunci ba ne. Akwai dagatan da suka ci gonakin marayu, akwai wanda aka hana fili don an gan shi a taron NEPU. Abin da nake nufi kawai shi ne ƙofa ɗaya ce. Hukumar da ta ba ka fili ita ke karɓar harajinka, baitulmalinta ke biyan leburorin hanya, duba-garinta ne zai zo ya ce kwatarka tana zuba a ƙofar maƙwabci. In abu ya lalace, an san wanda za a tuhuma.

Ita kuwa gwamnati a wancan lokaci ba ta ɗauki gina wa talaka gida a matsayin aikinta ba. Turawa sun gina wa kansu unguwanni irin su Nasarawa ta Kano, suka yi wa akawuna da 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa kwatas, En'e kuma ta gina gidan hedimasta da na malamin asibiti. Iyakar abin ke nan. Sai bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur ya shigo, birane suka cika suka batse, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, sannan Gwamnatin Tarayya ta sa hannu. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda ta gina unguwar Festac a Legas domin bikin al'adun baƙar fata na 1977. Shirin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, an ɗora masa burin gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. A wannan tsakanin ne aka yi abin kunyar nan na siminti a 1975, lokacin da aka yi odar kimanin tan miliyan 20 a tashi ɗaya, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni ana biyan su kuɗin jira. Mu a nan labarin kawai muke ji a rediyo.

Dokoki biyu ne daga sojoji suka shimfiɗa tabarmar da aka yi rigimar gidajen Shagari a kanta. Ta farko ita ce gyaran ƙananan hukumomi na 1976, a mulkin Janar Olusegun Obasanjo. An rushe abin da ya rage na En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya tun daga Sakkwato har Kalaba, aka ce su ne mataki na uku na gwamnati, sarakuna kuma aka mayar da su masu ba da shawara. Ta biyu ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta ranar 29 ga Maris, 1978. Wannan doka ta ɗauki dukkan ƙasar da ke cikin jiha ta danƙa wa Gwamna amana. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni ne, Gwamna kaɗai ke ba da takardar mallakarsa. Ƙaramar hukuma an bar mata filayen karkara, ta riƙa ba da izinin mallaka irin na gargajiya. To amma wa ke cewa nan birni ne, can karkara ce? Gwamna ne. Yana iya zana da'ira kewaye da hedikwatar ƙaramar hukuma ya ce birni ce, shi ke nan ciyaman ya zama ɗan kallo a garin da ofishinsa yake. Ita kanta Gwamnatin Tarayya, in ban da filayen da take riƙe da su tun da can, idan tana son fili a jiha sai ta bi ta hannun Gwamna, ya soke mallakar masu wurin, sannan ta samu. Kafin sojoji su sauka suka cusa dokar cikin tsarin mulki na 1979, yadda ba a iya taɓa ta sai da irin wahalar da ake sha wajen gyara tsarin mulkin kansa. Tana nan kuma cikin na 1999.

Muddin soja na mulki, wannan tsari bai dami kowa ba, domin Gwamna hafsa ne da ke karɓar umarni daga Barikin Dodan. Da farar hula suka zo, kowane Gwamna da ƙuri'arsa da jam'iyyarsa, sai ɓarakar ta fito. Tsarin mulki ya ambaci samar wa 'yan ƙasa matsuguni cikin manufofin da gwamnati za ta sa a gaba, amma bai fayyace wane mataki ne mai aikin ba. Abin da ya fayyace shi ne na ƙaramar hukuma, a jadawali na huɗu: gina ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa da gyara su, sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, kwashe shara, kula da kasuwa da tasha da maƙabarta. Mai karatu ya duba wannan jeri da kyau. Duk abin da ke mayar da gine-gine su zama unguwa yana ciki, kuma an ɗora shi a kan matakin da ya fi kowa talauci.

Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979. Alamar jam'iyyarsa ta NPN gida ce da masara, wato matsuguni da abinci, saboda haka batun gidaje alkawari ne da ba shi da yadda zai kauce masa. Ya kafa ma'aikata ta musamman ta gidaje da muhalli, Dokta Wahab Dosunmu ya zama ministanta. Shirin shi ne a gina gidaje 40,000 kowace shekara, 2,000 a kowace ɗaya daga jihohi 19 da kuma Abuja. Mafi yawansu masu ɗaki ɗaya ne domin masu ƙaramin ƙarfi da albashinsu bai wuce naira 5,000 a shekara ba, sauran kuma masu ɗaki uku domin waɗanda nasu bai wuce naira 8,000 ba. Abin da ya bambanta wannan shiri da na baya shi ne bai tsaya a manyan biranen jihohi ba, an rarraba gidajen har hedikwatocin ƙananan hukumomi. Ta haka rabo ya iso mu. Ni dai har gobe ina ganin niyyar mai kyau ce. Shagari tsohon malamin makaranta ne, ya san abin da ake nufi da a tura malami garin da bai san kowa ba ya kwana a zauren wani.

Sai dai gwamnoni 7 kaɗai cikin 19 ne 'yan NPN. UPN na da 5, NPP na da 3, GNPP na da Barno da Gongola, PRP na da Kano da Kaduna. Da Shugaban Ƙasa ya naɗa jami'an tuntuɓa nasa na kansa a jihohi, gwamnonin adawa suka ɗauke su kishiyoyi, suka kuma ɗauki gidajen tallar jam'iyya da aka zo kafawa a tsakar gidansu. Wasu suka yi ta jan ƙafa wajen ba da fili, wasu suka bayar a can bayan gari inda ko kare ba ya zuwa. A Legas, Gwamna Lateef Jakande ya gina nasa rukunonin, irin su Amuwo-Odofin da Abesan da Iponri da Isolo, dubban gidaje, mutane suka shiga nan da nan, har yau kuma suna cike. Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa nasa suka rayu. Jakande mutum ne mai tsantseni, babu shakka, amma akwai abin da ya fi wannan: fili nasa ne, kuɗi nasa ne, ma'aikatar ayyuka da hukumar ruwa tasa ce, makarantar da za a gina a unguwar ma shi zai ba da umarni. Ya sami irin ƙofa ɗayar nan da En'e ta samu.

Kada a ɗauka siyasar jam'iyyu ce kaɗai. Abokan karatuna da aka tura jihohin da Gwamna da Shugaban Ƙasa suke jam'iyya ɗaya sun ba ni labarin da bai bambanta da namu ba sosai.

A nan garin, wata safiya ce kawai manoma suka ga safiyo da 'yan kama masa awo suna kafa fegi a gonakinsu. Ba a gaya wa dagaci ba. Na tabbatar da haka domin ƙanensa abokin aikina ne a firamare. Da aka je sakatariyar ƙaramar hukuma neman bayani, sai aka tarar su ma a bakin manoman suka fara ji. An zaɓi wurin ne a kan taswira a babban birnin jiha, inda aka ga fili shimfiɗaɗɗe kusa da babbar hanya. Da an tambayi ko da yaro mai kiwon awaki, da ya faɗa cewa tsakanin wurin da gari akwai kwari da ke cika da ruwa daga Yuli zuwa Satumba, kuma gefen gabas ƙasar laka ce mai tsagewa da rani, wadda kakanninmu suka bar wa dawa suka ƙi gini a kanta. Tsagar da kuke gani a bangon gidajen layin ƙarshe tun shekarar farko ta fara.

Sai maganar diyya. Dokar 1978 ba ta biyan kuɗin ƙasa ita kanta, sai abin da ke kanta, amfanin gona da itatuwa da gini. Aka zo aka ƙirga ɗorawa da tsamiya da kuka, aka rubuta sunaye, aka tafi. Manoman suka yi ta safa da marwa. Jami'an jiha su ce ai Tarayya ce ke buƙatar filin, ita za ta biya. Wakilan Tarayya su ce sharaɗin shi ne jiha ta kawo fili babu rigima a kansa. Ciyaman na riƙo, wanda shi kaɗai ne za su iya samu ido da ido, ba shi da ko sisi a wannan babi, amma shi ya sha zagin. Ni na rubuta wa uku daga cikinsu takardun koke, saboda a lokacin malamin makaranta shi ne akawun unguwa. Ɗaya daga cikinsu ya rasu bai ga kuɗinsa ba. Wannan ƙullin ya daɗe a zukatan mutane, kuma yana cikin dalilan da suka sa daga baya da ake cire tagogi da ƙofofin gidajen da dare, babu wanda ya ga ɓarawo.

Ɗan kwangila baƙo ne, daga nesa aka ba shi aikin, can kuma ake duba takardunsa a biya shi. Magina da kafintocin garin nan leburanci suka samu. Ya yi abin da ke cikin takardarsa: bulo, rufi, ƙofa, fenti. Hanya ba ta cikin takardarsa. Ruwan famfo na hukumar jiha ne, ita kuwa ba ta sa unguwar cikin kasafinta ba, domin ba aikinta ba ne. Wutar lantarki na wata hukumar Tarayya ne dabam wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar gidaje. Kwalbati da lambatu na ƙaramar hukuma ne a dokance, ga shi ba a shawarce ta ba, ba a kuma ƙara mata ko kwabo ba. A dokar rabon arziki ta 1982, kashi 10 cikin ɗari aka ware wa dukkan ƙananan hukumomin ƙasar nan, shi ma ta hannun jiha yake biyowa. A Kano da Kaduna an soke haraji da jangali tun 1979, abin da talakawa suka yi murna da shi ƙwarai, amma ya rage wa ƙananan hukumomin can abin da suke tarawa da kansu. Ƙari a kan haka, a duk tsawon Jamhuriya ta Biyu ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba. Kwamitocin riƙo gwamnoni suka naɗa, suka kuma yi ta kakkarya ƙananan hukumomin suna ƙirƙiro sababbi har adadinsu ya ninka. Wanda aka naɗa da takarda, ake iya cire shi da sanarwar rediyo, yaya zai buga tebur a gaban wanda ya naɗa shi?

Fasalin gidajen ma abin dubawa ne, kuma a nan ne rashin tambayar mutanen wuri ya fi fitowa fili. Zane ɗaya aka yi amfani da shi daga Fatakwal har Nguru. Babu zaure, babu katanga, ƙofa da taga suna kallon titi, mai wucewa yana hango matar gida tana tuƙa tuwo. Banɗaki irin na ja-ka-tafi aka sa a cikin gida, a wurin da babu famfo. Rufin kwano ne a kan gajeren bango, wanda a watan Afrilu sai ya koma tanda. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya takwas da tsohuwar uwa, ina zai sa su a ɗaki ɗaya da falo? In za a yi adalci, masu zanen sun yi nufin gidan ya zama tushe ne, mai shi ya riƙa ƙara ɗaki gwargwadon ƙarfinsa, kuma wannan dabara ta dace da yadda muke gini tun kaka da kakanni. Da an tambayi Sarkin Magina, da ya ce a fara da katanga da zaure da shadda a kusurwa, a haƙa rijiya, ɗakuna sa biyo baya. Kuɗin ba zai fi wanda aka kashe ba. Waɗanda suka zauna a gidajen daga baya abin da suka yi ke nan da aljihunsu.

Farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, 'yan kwangila suka watse. Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin. A ƙasa baki ɗaya, abin da aka kammala bai kai rubu'in abin da aka yi alkawari ba. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke sababbin ƙananan hukumomin ta koma kan 301 na asali. Namu gidajen, waɗanda aka rufa da waɗanda aka bari a linta, suka zama marayu masu iyaye uku.

Yadda unguwar ta farfaɗo, da yawanku kun sani, domin da kuɗinku aka yi. Sannu a hankali malamai da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da aka turo suka fara shiga, wasu da takardar rabo, wasu da ƙarfin hali. Wannan ƙungiya ce ta yi karo-karo aka sayi siminti da rodi, matasa suka fito gayya aka yi kwalbatin da ke kan kwarin, daga baya aka haƙa rijiyar burtsatse. Ina hedimasta a lokacin, na kuma san bambancin da kwalbatin nan ya kawo, domin kafin a yi shi yaran unguwar sukan yi mako guda ba su zo makaranta ba da damina. Amma akwai abin da gayya ba ta iya yi. Akasarin masu gidajen har yau abin da ke hannunsu takardar rabo ce daga ɓangaren Tarayya, ko takardar ciniki daga wanda aka raba wa. Takardar mallakar fili kuwa sai Gwamna. Kwanan baya na zauna cikin masu sulhunta rabon gadon wani tsohon abokin aiki, muka rasa takardar da za mu dogara da ita.

Shirye-shiryen da suka biyo baya ba sai na tsawaita ba. A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da manufar gidaje ta ƙasa da taken gida ga kowa kafin shekarar 2000. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin ya sami rance ta hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Amma rance na buƙatar jingina, jingina na buƙatar takardar mallaka da amincewar Gwamna, malamin ƙauye kuwa gidansa a filin gado yake, shaidarsa mai unguwa. A 1994, a mulkin Janar Sani Abacha, Jakande ɗin nan dai yana ministan ayyuka da gidaje, aka sa burin gidaje 121,000, mutane suka biya kuɗin ajiya, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Mutumin da ya yi nasara yana Gwamna bai maimaita ta ba yana minista. Kason ƙananan hukumomi ya hau zuwa kashi 20 cikin ɗari a 1992, sai dai an ɗora musu albashin malaman firamare, mu ke nan, har wasu watanni a cire a bar su babu komai. Tsarin mulki na 1999 kuma ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda kowa ya san yadda aka yi da shi.

Kotun Ƙoli ta taɓa wannan batu sau biyu ta hanyar da ta shafe mu. A 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jiha ne, Gwamnatin Tarayya ba ta da ikon yi wa jihohi wannan aiki. Ranar 11 ga Yuli, 2024 kuma ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda Gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kwamitin riƙo ba. An shiga 2025 ana ta ja-in-ja kan aiwatar da hukuncin. Ko da an aiwatar da shi gaba ɗaya, bai taɓa Dokar Amfani da Ƙasa ba. Fili yana nan inda aka ajiye shi a 1978.

Shirin da 'yan uwa suka ji labarinsa shi ne wanda gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta ƙaddamar a watan Fabrairu na 2024 a Karsana ta Abuja da gidaje 3,112, aka bi da rukunoni masu gidaje 250 a jihohi da dama, ciki har da Katsina da Sakkwato da Gombe da Yobe. A nan ma jiha ce ke kawo fili. Saboda haka in wakilanmu za su tashi, ina ba da shawara kada su fara da Abuja. Su fara zama da hakimi da dagatai da kansiloli a tsayar da wurin da mu muka yarda da shi, wanda ruwa ba ya yanke shi, kusa da makaranta da kasuwa, a san masu gonakin, a san wanda zai biya su da kuma yaushe, a rubuce. Daga nan a je ma'aikatar filaye ta jiha da wannan matsaya, a nemi a sa hanya da ruwa cikin kasafin shekarar da za a fara gini, ba wadda za ta biyo baya ba. Muna da injiniyoyi da lauyoyi da masu zanen gine-gine a cikinmu da ke aiki a waɗannan ma'aikatu, lokaci ya yi da za su duba mana zane kafin a haƙa rami. Kuma tun kafin a roƙi sabo, ina ganin ya kamata ƙaramin kwamiti ya bi tsohuwar unguwar gida gida, ya tattara takardun da ke hannun mutane, a kai su gaba a dunƙule domin neman takardar mallaka, domin waɗanda suka san yadda aka yi rabon farko saura ƙalilan.

Na shaida wa Sakataren ƙungiya cewa kwafin takardun koken da na rubuta wa manoman nan uku suna nan a akwatina, kuma in an tashi zan raka wakilan. Sai dai a fara da sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma je da sassafe ranar Litinin, kafin ciyaman ya kama hanyar babban birnin jiha.